Tifar da na saya saboda aikin Mambila

Assalamu alaikum. Na daɗe ina son in rubuta wannan labari na tifar da na saya saboda aikin madatsar wutar lantarki ta Mambila ina fasawa, domin ba ni kaɗai ya shafa ba, akwai yayata a ciki, akwai ɗanta. Sai da na nemi izininsu suka amince, da sharaɗin kada in kama sunan kowa.

A Bukuru aka haife ni, nan kusa da Jos, amma asalinmu mutanen ƙasar Katsina ne. Abin da ya kawo kakana saman dutsen Filato shi ne abin da tsofaffi ke kira diban gwamna. Lokacin yaƙin Hitila, tsakanin 1942 da 1944, Turawa sun matsu da kuza, sai aka riƙa bi ta hannun hakimai da dagatai ana ɗibar samari daga lardunan Arewa ana kai su aikin tilas. Kakana bai faɗa ramin kuza ba, an tura shi ginin madatsar ruwa ta Tenti, wadda ke tara ruwan da ake sakar wa injinan wuta na Kurra. Masu haƙar kuza ne suka fara kawo wutar ruwa ƙasar nan, tun kafin a yi mafarkin Kainji: an yi tashar Kwall a 1923, sannan ta Kurra wajen 1929. Mu yaran Bukuru da wutar Nesko, kamfanin da ke kula da waɗannan tashoshi, muka tashi, kuma mun saba jin baƙi suna mamakin yadda ba ta cika ɗaukewa ba.

Kakana ba ya son maganar Tenti. In ya yi ta, ba ya wuce abu biyu: kwanon ɗaukar ƙasa da sanyi. Ya ce da diga da shebur da kwano a ka suka tara wannan tudun ƙasa, mutum ya ɗauka ya hau ya zubar ya sauko, tun safe har la'asar. Sun zo daga ƙasar zafi da 'yar riga ɗaya, ga iskar dutse, ga ɗakunan ciyawa masu yoyo. Ciwon haƙarƙari ya kashe da yawa cikin waɗanda suka zo tare. Wata rana ina yaro na kunna ƙwan lantarki da rana tsaka ina wasa, ya daka mini tsawa ya ce in kashe, wai da wuyansa aka ɗauko wannan wutar. Na yi dariya a lokacin. Ina ɗan shekara 12 ya rasu.

Ban yi nisa a boko ba. Na zama yaron mota, na koyi tuƙi, na ƙare a kan tifa. Wajen 2012 na samu aiki da wani ɗan kwangila da ke kai tsakuwa da yashi madatsar Kashimbila, a ƙasar Takum ta jihar Taraba. An gina ta a kan kogin Katsina-Ala, musamman don tare ambaliya in bangon tafkin Nyos na Kamaru ya fashe, wannan tafkin da iskarsa mai guba ta kashe mutane sama da 1,700 a 1986, aka kuma haɗa mata injinan wuta na megawat 40. Shekara uku na yi a can. A nan idona ya buɗe, a nan kuma kwaɗayi ya shige ni. Na ga yadda aikin dam ke cin dutse da yashi kamar ba ya ƙoshi. Ni ina karɓar albashi, mai motar da nake ja kuwa a kan idona ya tashi daga tifa biyu zuwa bakwai. Kullum in na kwanta sai in ce a raina, da motar nan tawa ce.

A Kashimbila ne kuma wani injiniya ya fara ba ni labarin madatsar da ake son ginawa a kan dutsen Mambila na jihar Taraba yadda na fahimta. Muna shan shayi da dare na tambaye shi me ya sa kowa ke zuzuta ta. Ya ce ƙarfin wutar ruwa abu biyu ne, yawan ruwan da kuma tsayin da yake faɗowa. Kainji ruwa ne mai yawa da ke faɗowa daga ɗan gajeren tsayi. A kan dutse kuwa ko ruwan bai kai haka ba, in ya gangaro daga nesa cikin bututu, ƙarfin da zai daki farfelar inji ya ninka. Nan take na gane, don na san bututan Kurra da ke bin jikin dutse su sauka ƙasa. Ya ce tsarin Mambila shi ne a datse kogin Donga da wasu rassansa a sama, a huda dutse a yi wa ruwan hanya ta ciki, ya faɗo kusan mita 1,000 zuwa ɗakin injina da za a haƙa a ƙarƙashin ƙasa. Megawat 3,050. Ya ce ko ka haɗa Kainji da Jebba da Shiroro ba su kai 2,000 ba. Sai ya yi dariya ya ƙara da cewa tun shekarun 1970 ake wannan magana, tun yana firamare. Dariyar ban ji ta ba. Lissafin tsakuwa kawai nake yi.

Mahaifinmu ya rasu a 2016. Ya bar gida ɗaya a Bukuru, mai ɗaki shida da shago biyu a gaba. Magada mu huɗu ne: Inna, yayata, ni, da ƙanwata. Ba a raba ba, aka bar shi Inna tana ciki, kuɗin hayar shaguna yana ci da ita.

Ƙarshen watan Agusta na 2017 na ji a rediyo cewa majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da kwangilar Mambila, dala biliyan 5.79, kamfanonin Sin za su yi, bankin Sin zai ba da kashi 85 cikin ɗari, Najeriya ta cika sauran. A watan Nuwamba aka ce an sa hannu. Na kasa barci. Na ce wannan karon ba zan zama direban wani ba.

Na fara da Inna, don na san in ta yarda sauran ba za su musa ba. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Kai ka je ka ga aikin da idonka?" Na ce, "Inna, gwamnati ce fa ta faɗa, duniya duk ta ji." Ta ce, "Ban tambaye ka abin da duniya ta ji ba." Na yi ta kawo mata misalin mai motar Kashimbila, na ce cikin shekara biyu zan saya mata gidan da ya fi wannan. Wata guda ina naci. Ranar da ta amince ba ta ce ta yarda ba, cewa ta yi, "To, ka ji da 'yan'uwanka." Yayata ta fi kowa tsayawa. Mijinta ya rasu, da rabonta take sa ran kama sana'a. Abin da ya karya ta shi ne alkawarin da na yi cewa zan tafi da babban ɗanta, mai shekara 19, in koya masa tuƙi, ya zama shi ne direban mota ta biyu. Har yau in na tuna yadda na faɗi "mota ta biyu" da cikakken baki, sai in ji kunya ta rufe ni.

Aka sayar da gidan. Malam ya raba, aka fitar wa Inna tumuninta, ni kashi biyu, mata kashi ɗaya ɗaya, sannan kowa ya miƙo mini nasa a matsayin jari. Ba mu rubuta komai ba. Na kama wa Inna ɗaki biyu na haya a wata unguwa, na sayi tifa ta hannu mai taya goma, na gyara ta, na sa aka rubuta mata addu'a a goshi.

Farkon 2018 muka kama hanya, ni da yaron. Daga Jalingo zuwa Bali, zuwa Serti, zuwa Mayo Selbe a gindin dutse. Daga nan hawa ya fara. Ni ɗan Filato ne, na ɗauka na san dutse, ashe ban sani ba. Hanya ce siririya tana nannaɗe jikin dutse kamar rawani, gefe ɗaya bango, gefe ɗaya rami wanda ba ka ganin ƙarshensa. Akwai wurin da ake kira Hawan Biyu da Sisi. Mutanen wurin suna cewa sule biyu da sisi ne ladan da Bature ke biyan ɗan dako ya hau da kaya a ka. Da na ji haka kakana ya faɗo mini a rai. Da muka ƙare hawan muka fito Maisamari, sai ƙasa ta buɗe, tuddai kore shar iyakar gani, shanun Fulani manya-manya, itatuwan turare jere, iska mai sanyi. Yaron ya leƙa ta taga ya ce, "Kawu, nan ma Najeriya ce?" Muka wuce Nguroje muka sauka Gembu.

Kwana uku da isa na ɗauki ɗan acaba na ce ya kai ni wurin aikin dam. Ya dube ni ya ce, "Wane aiki?" Na ce na wuta. Ya ce zai kai ni inda ake cewa za a yi. Muka yi tafiya mai nisa a hanyar da ko tsohuwar Landiroba sai ta yi da gaske, daga baya muka ajiye babur muka taka da ƙafa. Na ga kogi, na ga ruwa yana zubowa daga dutse da ƙara, na ga ciyawa da shanu. Ban ga katafila ba, ban ga sansanin ma'aikata ba, ban ga ko buhun siminti ɗaya ba. Na tsaya ina lissafin yadda za a shigo da manyan injina wurin da babur ya gaza. Duk wanda ya yi aikin dam ya san hanya ake fara yi, sannan gidajen ma'aikata, sannan wurin fasa dutse. Ni na sani sarai. A ranar ya kamata in juya in sayar da motar, ko da asara, in mayar wa kowa abin da ya saura.

Ban juya ba. Da daddare Inna ta kira, na ce mata an kusa farawa, ana jiran kayan aiki su iso daga tashar jirgin ruwa. Wannan ce ƙarya ta farko, kuma ita ta haifi sauran.

Ba ni kaɗai ba ne mai jira. Akwai wanda ya gina ɗakunan haya don ma'aikata, akwai wanda ya buɗe gidan abinci, akwai masu gonakin da aka ce ruwa zai ci, suna jiran diyya. Duk sanda wata tawaga ta zo daga Abuja da jerin motoci sai gari ya ɗauka, farashin fili ya tashi, bayan sati biyu komai ya koma yadda yake. Wani dattijo mai shago da na saba zama wurinsa ya ce mini tun yana saurayi ya ga Turawa suna auna kogin nan, yanzu ga shi da jikoki. A wurinsa na fara jin cewa akwai shari'a a Faris tsakanin gwamnati da wani kamfani da ke cewa shi aka fara ba kwangilar tun 2003, kuma masu ba da bashi ba za su saki kuɗi ba sai an warware. Abin ban haushi, a wannan dutsen dai akwai 'yar ƙaramar madatsa ta Tunga da ke ba masana'antar ganyen shayi ta Kakara wuta, tana aikinta shiru ba wanda ke zancenta a rediyo.

Mota ba ta zama haka nan. Na riƙa ɗibar yashi da dutse wa masu gini a Gembu da Nguroje, amma aikin bai taka kara ya karya ba, ga man gas da tsada a sama, ga kayan gyara sai an aiko daga Jalingo. Abin da na samu rabi in tura wa Inna da yayata in ce riba ce, don kada su gane. Da abin ya ƙi, na shiga ɗaukar katakon turare ina saukarwa ƙasa. Tifa ba motar katako ba ce, kowa ya sani, amma kuɗin ya fi. Kuma da yake da yawan katako ake biya, na riƙa yin lodi fiye da ƙima.

A daminar 2019 bakanike ya duba motar ya ce birki ya cinye, kada in sake sauka da kaya sai an canja. Na tambayi kuɗin, na ga daidai yake da abin da zan tura gida a watan. Na ce bari in yi sahu ɗaya in dawo a gyara.

Mun taso da asuba ana yayyafi, hazo ya rufe ko'ina, da ƙyar nake ganin bakin bodi. Ƙa'idar gangara kowane direba ya san ta: giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauka, ka bar inji ya riƙe mota. Ni kuwa ina sauri in isa Serti kafin azahar, sai na bar ta a giya ta sama ina taka birki. Mun yi nisa a gangaren na ji warin ƙauri. Na taka, ƙafata ta tafi har ƙasa. Na nemi in sauko da giya, ta ƙi shiga. Mota ta fara gudu da kanta, ga kwana a gaba. Hagu rami ne, dama bangon dutse. Yaron yana zaune a dama.

Mutane sun sha ce mini ba ni da zaɓi, da na bi hagu da babu wanda zai fita da rai. Haka ne. Amma ni na san hannuna ne ya karya sitiyari zuwa ɓangarensa, kuma na san ni ne na ƙi gyara birki. Na ji yana salati, sannan ƙara, sannan katako ya zubo ta kanmu.

Ni haƙarƙari uku da kafaɗa na karya. Shi ƙafarsa ta dama ta matse tsakanin ƙofa da dutse. Sai da masu wucewa suka yi awa biyu da ƙarafa kafin su zaro shi, bai suma ba, yana ta cewa, "Kawu, kada ka gaya wa Umma." A asibiti likita ya kira ni gefe ya ce ba yadda za a yi, sai an yanke daga ƙasan gwiwa, kuma ana bukatar sa hannun wani nasa. Na sa hannu da hannun hagu.

Daren nan na kira yayata. Na shirya maganganu da yawa, da ta ɗauka duk suka gudu. Na ce, "Yaya, mun yi hatsari, yana da rai, amma an yanke masa ƙafa." Ta yi shiru har na ɗauka layin ya katse. Sai ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya ci abinci?" Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na ce, "Yaya, akwai sauran magana. Babu wani aikin dam. Tun da muka zo babu." Ta ce, "Na sani. Shi ya gaya mini tun bara, ya ce kada in nuna maka." Wato shekara guda da rabi ina tura mata kuɗi ina kiransa riba, tana karɓa tana yi mini godiya, don kada ta kunyata ni.

An sayar da gawar motar a matsayin ƙarfe, kuɗin ya tafi a asibiti. Yayata ta zo ta tafi da ɗanta. Ni na ƙi binsu. Na ce sai kafaɗata ta warke, ta warke na ce sai na tara kuɗin mota, haka na yi ta ƙirƙiro dalili har kusan shekara biyu. Gaskiyar ita ce ba zan iya shiga ɗakin hayar da na jefa uwata in haɗa ido da ita ba. Na zauna a Nguroje ina taya wani mai shayi wanke kofuna, ina kwana a shagonsa. Matata ta koma gidansu da yara biyu, ban ga laifinta ba. Akwai lokacin da na daina zuwa jam'i, na daina ɗaukar waya, in na rufe ido sai in ga kwanar nan tana tahowa. Mai shayin ne, wani Bafulatani mai 'yar magana kaɗan, ya lura. Bai yi mini wa'azi ba. Kullum da asuba sai ya tsaya a kaina da buta har sai na tashi.

A 2021, shekarar da aka sanar cewa an rage girman aikin zuwa kusan rabi don a samu mai ba da bashi, ƙanwata ta kira mai shayin, ba ni ba, ta ce a gaya mini Inna ba ta da lafiya. Shi ya biya mini kuɗin mota. Da muka zo gangaren na rufe fuskata da hula har Mayo Selbe.

Na same ta a kwance ta rame. Na durƙusa a bakin gado na kasa cewa komai sai kuka, ni da furfura a gemu. Ta ɗora hannu a kaina ta ce, "Gida dai ƙasa ce da bulo, ni na yafe nawa. Amma na 'yan'uwanka ba nawa ba ne da zan yafe. Ka biya su ko da naira ɗari ɗari ne." Ta sa aka kira malamin unguwa da shaidu biyu, aka rubuta abin da kowacce take bina, abin da ya kamata a yi tun ranar farko. Bayan wata huɗu ta rasu a wannan ɗakin hayar.

Haɗuwata da yaron ta fi komai yi mini nauyi. Na same shi a wata 'yar rumfa a bakin kasuwa yana gyaran waya, sandunansa jingine a gefe. Ya gan ni ya yi yunƙurin tashi ya gaishe ni, na ce don Allah ya zauna. Na nemi gafararsa, na gaya masa maganar bakanike, wadda ban taɓa gaya wa kowa ba. Ya ce yana wurin lokacin da bakaniken ya faɗa, yana ƙarƙashin mota yana miƙa masa sufana, kuma shi ma bai ce kada mu tafi ba. Na ce shi yaro ne, ni ne babba. Ya ce, "To Kawu, na yafe, amma ka saya mini ƙafar roba mai kyau, wannan ta katakon tana cin fata." Ita na fara saya kafin in fara biyan kowa.

Yanzu ina jan motar wani, ƙaramar bas, tsakanin Jos da Bauchi. Ban sake hawa babbar mota ba, kuma duk ranar Juma'a sai na sa an duba mini birki, har yaran gareji suna yi mini tsiya. Matata ta dawo bara waccan. Na gama biyan ƙanwata. Na yayata saura kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma ni na san kuɗin da nake ba ta yau ba ya sayen rabin abin da zai saya a 2017, na faɗa mata, ta ce abin da aka rubuta shi za a biya. Duk ƙarshen wata nakan kai mata da kaina, ta ɗauko littafin daga ƙarƙashin katifa, ɗanta ya rubuta, mu biyu mu sa hannu.